Ranar da Shanun Baffa Manu Suka Lashe Jami'a

Duk faɗin Birnin Kudu babu wanda bai san hular kwanon Hambali ba. Ruwan ɗorawa ce, irin ta masu aikin gini, kuma ko sayen albasa za shi tana kansa. Da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa ta'aziyya, an ma ce in ya je aski sai wanzami ya haɗa shi da Allah kafin ya cire. Wata bakwai kacal ya yi a Kano yana riƙe wa masu awon filaye doguwar sandar nan mai ja da fari, a ce masa matsa dama ya matsa, a ce matsa hagu ya matsa, sai ga mutumin naku ya dawo gida da hula da sunan Injiniya. Wanda ya naɗa shi har yau ana cigiya.

In ya zauna a teburin mai shayi kuwa, sai dai ka toshe kunne. "Akwai wata gadar sama a Kano," in ji shi, "da ban ce a matsar da ita taku uku ba, da yanzu ta ratsa ta ɗakin surukar wani bawan Allah."

Mutum ɗaya ne yake ɓata masa shiri, shi ne Baffa Manu, ƙanin mahaifinsa, dattijo mai garken shanu a bayan Kangire. 'Ya'yan Baffa duk sun tafi Kano tuƙin A Daidaita Sahu, gwiwoyinsa sun fara ƙara in ya tashi, amma kullum shi ne a bayan shanu. Duk inda ya haɗu da Hambali, maganarsa ɗaya ce: "Ɗan nan, sandar ubanka tana nan jingine a bayan ƙofa." Hambali kuwa tun ranar da ya tsere daga kiwo yana saurayi, babu abin da ya tsana a duniya kamar a tuna masa. Sai ya gyara hula ya ce, "Haba Baffa, ni fa yanzu ko saniya da jaki aka ajiye mini ba lallai in bambance ba."

Ana nan sai Alhaji Ɗayyabu mai motocin haya ya ce zai gina jami'a. To, mahaifinsa ɗan Birnin Kudu ne, mahaifiyarsa 'yar Gwaram, kowane ɓangare ya ce ɗansu ne. Birnin Kudu ta ba da fili a Kangire, Gwaram ta ba da nata a Farin Dutse. Alhaji ya tara su ya ce, "Ni ba na son gini kara zube. Kowane gari ya kawo mini tsari na shekara hamsin: ina azuzuwa, ina ɗakin karatu, ina hanya, ina bishiya. Nan da wata guda zan zo in gani. Wanda nasa ya fi, shi ke da jami'a."

Mutanen Gwaram ba su yi wata hayaniya ba. Suka ɗauko 'yarsu Malama Sharifa, wadda ta karanta tsara birane, ta shiga bin tsofaffin manoma gona gona tana tambayarsu inda ruwa yake kwanciya da damina. A Birnin Kudu kuwa aka kira taron kwamiti a ƙofar gidan shugabansa, Rabi'u mai kanwa. Ba a gama addu'ar buɗewa ba Hambali ya miƙe.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Kuna da ni a gari za ku je neman wani? Ita Sharifa a takarda za ta kawo jami'arta, a naɗe a hammata kamar tabarma. Ni a ƙasa zan shimfiɗa tawa, Alhaji ya shiga da ƙafarsa, ya zaga ɗaki ɗaki."

Wuri ya ɗau tafi. Rabi'u ya ce, "Injiniya, in kuma Gwaram ta doke mu fa?"

"Ta doke wa?" Hambali ya bugi hularsa har ta yi ƙara. "Duk ranar da Gwaram ta ɗauke jami'ar nan, a gabanku zan cire hular nan, in ɗauki sanda in bi shanu har ƙarshen rayuwata!"

Ashe Baffa Manu yana can baya a tsugune, ya zo tambayar makomar burtali, wato hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, wadda ta ratsa tsakiyar filin. Ya dogara sandarsa ya miƙe a hankali ya ce, "Jama'a, kun shaida?"

Aka haɗa baki, "Mun shaida, Baffa!"

Hambali ya gyara zaman hula, amma magana ta riga ta fita, kuma har da liman a wurin.

Kwana uku ya yi a ɗaki yana zane. Ya samo tsofaffin kalandu huɗu, ya haɗe su da ruwan koko, ya kifa su ya hau bayansu da biro. Matarsa Munawwara ta kawo masa tuwo ta tsaya tana leƙe.

"Malam, wannan da'irar fa?"

"Filin saukar jirage masu saukar ungulu ne na ɗalibai."

"Ɗaliban da yanzu da ƙyar suke samun keke?"

"Ke yau kike gani, ni shekara hamsin nake gani."

"To, wannan mai ɗigo-ɗigon?"

"Maƙabartar furofesoshi."

Munawwara ta dafe ƙirji. "La haula! Waɗanne furofesoshi?"

"Waɗanda ba a haifa ba tukuna. In sun zo sun tsufa, a ina kike so a kai su? Abin da Sharifa ba za ta taɓa tunawa ba ke nan."

"Banɗaki fa? Ban ga ko ɗaya ba."

Hambali ya duba sama ya duba ƙasa, sannan ya ce dama yana zuwa wurin, kuma ta daina sa baki a aikin maza masu hula.

Ranar Asabar aka fita fili da 'yan kwamiti da majiya ƙarfin gari. Aka ce ina tef ɗin awo? Hambali ya ce tef na masu koyo ne, shi ƙafarsa ta haddace mita tun a Kano. Nan fa ya shiga taku yana ƙirgawa ana kafa turaku a bayansa. Matsalar ita ce takun Hambali na safe daban, na bayan tuwo daban. Da hantsi, yana jin ƙarfi ga mutane na kallo, sai ya riƙa buɗe ƙafa kamar mai tsallake kwata. Da ya cika ciki rana ta take, sai ya koma ɗan sanɗa kamar mai ciwon ƙaba. Banɗakin da Munawwara ta tuna masa da safe ya auna shi, don haka ya fi filin ƙwallo girma. Ofishin shugaban jami'a kuwa sai bayan azahar aka zo kansa.

Rabi'u ya shiga tsakanin turakun ofishin ya tsaya, kafaɗunsa suka kusa taɓa kowane gefe. "Injiniya, a nan shugaban zai zauna?"

"A tsaye zai yi aiki. Zama ne yake kashe jami'o'i."

Kowane turke an rubuta masa suna da fenti: Tsangayar Shari'a, Tsangayar Likitanci, Ɗakin Karatu, Majalisa. Kwana biyar ana wannan aiki. Ran na shida aka zo aka tarar da fili fes, ko tsinke babu. Hambali ya ɗora hannu a hula ya bi gidajen Kangire yana kururuwar makircin Gwaram ne. A gidan farko ya tarar da wata tsohuwa, Inna Mairama, tana tura wani itace a murhu, ana iya karanta "Shari" a jikinsa, sauran ya ci wuta.

"Inna! Kin san abin da kike ƙonawa kuwa? Tsangayar Shari'a ce!"

"Ai kuwa tana ci da kyau, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Waccan ta jiya mai dogon suna hayaƙi ne da ita."

"Wacce?"

"Oho. Jikata ta ce wai Likitanci."

Da turaku suka ƙi, sai ya ce a tara masa toka. Matan Kangire, ganin su suka cinye itacen, suka kawo toka kwando kwando, aka ja layuka da ita kwana biyu cur. Ana gama layin ƙarshe Hambali ya hau kan suri zai yi jawabi, sai ga guguwar bazara ta taso daga wajen fadama, ta shiga ta babbar ƙofa kamar an gayyace ta, ta zaga tsangayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe jami'ar kaf ta yi sama da ita. Mutane suka ɗaga kai suna kallo.

Wani ya ce, "Ikon Allah! Ina ta nufa?"

Rabi'u ya kare ido da tafin hannu. "Ni dai hanyar Gwaram na ga ta yi."

Hambali ya sauko daga suri fari fat, ido kawai ake gani, ya ce gwajin iska ne, kuma duk jami'ar kirki sai an yi mata shi.

Saura kwana huɗu Alhaji ya zo, Baffa Manu ya same shi a filin.

"Ɗan nan, na ji an ce ka ɗora wani gini a kan burtali."

"Majalisar jami'a ce, Baffa. Burtali na tashe shi. Yanzu shanu za su zo nan, su yi kwana a shataletale, su bi bayan maƙabarta, su sauka fadama. Na tsara musu komai."

"Ka gaya musu?"

"Na kafa musu allo."

Baffa ya dubi allon. An rubuta SHANU SU BI DAMA, har da kibiya. "Sun iya karatu ne?"

"Ai shi ya sa muke gina jami'a, Baffa."

"Tun kakan kakansu nan suke bi."

"To, daga ranar Laraba sun waye. Ina ma so ka kawo su da la'asar daidai, Alhaji ya ga yadda za su yi kwana a shataletale da idonsa."

Baffa ya juya ya tafi yana ɗingishi.

Saura dai abin jan layi: wanda ba za a ƙona ba, kuma iska ba za ta ɗauka ba. Hambali na zaune a rumfar Rabi'u yana saƙe-saƙe, idonsa ya faɗa kan buhunan farar kanwa jibge har rufi. Ya damƙi garin kanwar ya ji nauyi, ya watsa a ƙasa ya ga fari tas. Ya yi tsalle har hula ta bugi kwano.

"Rabi'u, ka ba da kanwar nan, in sa wa babbar ƙofar jami'a sunanka!"

Rabi'u ya lumshe ido ya hango jikokinsa suna wucewa ta Ƙofar Rabi'u Mai Kanwa, nan take ya ce a kwashe har ta cikin sito. Daga nan kan Hambali ya buɗe gaba ɗaya. Ai taswira ta gaskiya kala-kala ake yi mata! Farar kanwa ta zama gine-gine. Jar kanwa ta zama gidajen malamai. Hanyoyi kuwa, da yake suna son launin ƙasa-ƙasa, ya ce a bi gidaje a karɓo dusa. Saura bishiyoyi da lambuna, tunda Alhaji ya ambaci bishiya da bakinsa: ya sa aka sauko da damman harawa daga kan rumfuna, kowane dami ya zama bishiya ɗaya.

Munawwara ta ga ana loda kaya a amalanke ta riƙe haɓa. "Malam, kanwa da dusa da harawa? Wannan jami'a ce ko walimar shanu?"

"Kin ga matsalarki ke nan. Komai sai kin kai shi ga ci."

Don gudun tsautsayi ya sa mai unguwa ya yi shela kowa ya ɗaure awakinsa, kuma ba a zuba komai ba sai ranar Laraba, ranar zuwan Alhaji, da sassafe. Gaskiya, in za a faɗa a faɗa: da aka gama, abin ya yi kyau. Fili ne wanda in ka tsaya a wannan gefe ba ka gane fuskar na wancan gefe, ga shi an zane shi fari da ja, hanyoyi sun miƙe, harawa ta yi sahu kore shar. Hambali ya tsaya yana kallo har hawaye ya taru masa, don tunda yake bai taɓa yin abin da ya kai wannan ba.

Da hantsi Baffa Manu ya zo shi kaɗai. Ya tsuguna a bakin layi, ya ɗibi garin ya ɗanɗana, ya daɗe yana kallon ɗan ɗan'uwansa.

"Ɗan nan, kanwa ce fa."

"Sinadarin zane ne, Baffa."

"Rabon shanuna da kanwa tun kaka. Bazara ce, ko ciyawa babu. Ka bari in zaga da su ta Kiyako yau, ko da ƙafar nan za ta kashe ni."

"Ka zaga da su? Shataletalen fa, wa zai gwada shi, ni? Ka kawo su kawai. Ga allo can."

Baffa ya juya ga masu aiki. "Kun ji na faɗa masa?"

"Mun ji, Baffa."

Sai ya koma gida, ya ɗauko sandar nan ta bayan ƙofa, ya zauna yana shafa mata man shanu.

Bayan azahar motocin Alhaji Ɗayyabu suka iso daga Farin Dutse, inda ya wuni yana duba tsarin Gwaram. Mutanen Gwaram suka biyo shi cikin bas biyu don su ba idonsu abinci, Malama Sharifa na tare da su da takardunta. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ba sanƙira lasifika. Hambali ya sha shadda sabuwa, hula ta sha wanki, kalandu na naɗe a hannunsa, sai dai kanwa ta yi masa fari daga gira har takalmi.

"Ranka ya daɗe, bismillah. A'a, tsaya! Bango ne nan, za ka fasa goshi. Ga ƙofa can."

Alhaji, mutum mai jiki, ya ja da baya ya zaga ta inda aka ce ƙofa ce. Haka aka yi ta yawo da shi a rana: a nan a ce ya sunkuya, a can a ce ya ɗaga ƙafa matakala ce. Sau biyu Hambali ya tsawata wa mutanen Gwaram don sun ratsa ta cikin ɗakin kwanan ɗalibai mata ba sallama.

Alhaji ya tsaya a tsakiyar wani makeken fili yana share gumi. "Wannan shi ne babban ɗakin taro?"

"Banɗaki ne, ranka ya daɗe."

"Duk wannan?"

"Shekara hamsin ka ce. Jama'a ƙaruwa suke yi."

Da aka gangara wajen fadama Malama Sharifa ta yi gyaran murya. "Injiniya, ka yi haƙuri, nan fa da damina ruwa yana kaiwa ƙugu. Ga alamarsa a jikin bishiyar can."

"Na sani sarai, Malama. Shi ya sa na sa Tsangayar Ilimin Teku a nan. Wata huɗu ɗalibai su yi karatu a aikace, wata takwas su yi hutu."

Mutanen Birnin Kudu suka kaure da tafi, sanƙira ya ce Gwaram ta ji jiki. Hambali ya kai Alhaji tsakiyar Majalisa, inda aka fi zuba kanwa don bangonta kauri ne da shi, ya duba rana ya ɗaga hannu. "Yanzu kuma, ranka ya daɗe, za ka ga abin da babu shi ko a ƙasar waje: shanu masu bin doka."

Can sai ga garken Baffa Manu ya ɓullo ta burtali, farare masu dogayen ƙaho, sun rame da bazara, suna tafe a jere cikin natsuwa. Suka iso daidai allo. Babban bijimin da ke gaba ya tsaya cak.

"Kun gani?" in ji Hambali. "Karantawa yake yi."

Bijimi ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. Ya sake shaƙa. Sannan ya saki wani kuka tun daga ƙasan ciki, ya goga wuya a jikin allo har ya faɗi, ya sa kai. Sauran suka rufa masa baya a guje.

Tabɗijam! Wanda bai ga wannan rana ba, labari ba zai ishe shi ba. Kafin a ce kwabo sun lashe babbar ƙofa, Rabi'u na tsaye yana salati yana kallon gadon jikokinsa yana shigewa bakin wata karsana. Suka rarrabu kamar an ba kowacce takardar shiga. Sanƙira da ya ga abin ya fi ƙarfin kirari, sai ya koma ba da labari a lasifika.

"Jama'a, Shari'a ta tafi! Saura bango ɗaya a Likitanci! Ga wata mai karyayyen ƙaho ta shiga Ɗakin Karatu ba ta cire takalmi ba! Wayyo, an cinye lambu!"

Wani maraƙi ya je ofishin shugaban jami'a, lasa biyu ya yi ya gama da shi. Awakin Kangire da suka jiyo ƙamshin dusa suka tsinke igiyoyi suka hau manyan hanyoyi. Jakin wani mai itace ya yar da kaya ya nufi maƙabartar furofesoshi. Inna Mairama ta shigo da zani a hannu tana kwasar harawa, tana cewa ba za ta tsaya a cinye bishiyar da ta ba da aro ba. Mutanen Gwaram kuwa dariya har wasu suna kwanciya a ƙasa.

Hambali ya yi gabas ya yi yamma. Ya yi musu tsawa da Hausa, ya yi da ɗan Turancin da ya tsinto a Kano, ya buɗe kalandu yana nuna wa wata saniya inda ya kamata ta bi. Ta shinshina, ta ji ruwan koko, ta naɗe shekara hamsin da harshe ta haɗiye, ta bar masa kusurwa ɗaya a hannu. Baffa Manu yana can baya yana ɗingishi yana kira, amma muryarsa ta tsufa, ko waiwaye ba su yi.

Sai dariya ta tsaya. Shanun sun gama da gefe-gefe, sun hango Majalisa mai kaurin bango, kuma Alhaji Ɗayyabu yana tsakiyarta, babbar riga ta yi masa nauyi, ya rasa ta inda zai fita.

"Ina ƙofar?" yake ihu. "Injiniya, ina ƙofar?"

Bijimin nan ya sunkuyar da ƙaho ya taho a guje, garke duka na bayansa, ƙasa na girgiza. Mata suka sa kuka. Hambali bai san lokacin da ya yar da guntun kalanda ba. Ya sa hannu a gefen baki, wani dogon kira ya fito masa, mai hawa da sauka, da fito siriri a ƙarshensa, kiran da rabonsa da shi shekara ashirin da biyar.

Bijimi ya ja birki, taku uku tsakaninsa da Alhaji. Shanu duka suka ɗaga kai. Suka juyo ɗaya bayan ɗaya, suka taho wurin Hambali a hankali, suka kewaye shi, suka shiga lasar kanwar da ke jikin shaddarsa. Shi kuwa hannunsa da kansa ya je bayan kunnen bijimin yana sosawa, daidai inda shanu suke so.

Baffa Manu ya iso yana haki, hawaye na bin gemunsa. "Muryar yayana ce," ya ce. "Wallahi muryar yayana ce. Tunda ya rasu ban sake jin ta ba."

Rabi'u ya ce, "Af! Ba kai ne ba ka bambance saniya da jaki ba?"

Hambali ya sunkuyar da kai ya ci gaba da sosa kunnen bijimin.

Alhaji ya karkaɗe rigarsa ya dubi filin. Ko layi ɗaya bai rage ba, sai sawun kofato da kashin shanu. Ya ce, "Malama Sharifa, ke ina kika kai naki burtalin?"

"Inda na same shi na bar shi, ranka ya daɗe. Gine-ginen ne suka matsa."

"To, jami'a ta tafi Farin Dutse." Ya juyo ga Hambali. "Kai kuma na gode, ka ceci raina. Ban taɓa ganin injiniya irinka ba, kuma ina roƙon Allah kada in sake gani. Amma makiyayi, ban ga wanda ya kai ka ba."

Baffa Manu ya kwance sandar da ya rataya a bayansa, tana ƙyallin mai, ya miƙa. Hambali ya waiga ko akwai mai ceto. Liman ya kawar da kai. Jama'a suka haɗa baki ba a tambaye su ba: "Mun shaida!"

Ya cire hular a hankali. Goshinsa fari sol inda rana ba ta taɓa gani ba. Munawwara ta matso ta karɓe ta, ta juya ta ta ƙwanƙwasa, ta ce za ta yi daidai da awon dusa.

Yanzu Baffa Manu yana kwance a inuwa yana hutar da gwiwa, an kuma fara gini a Farin Dutse. In ka bi ta Kangire da la'asar za ka haɗu da Hambali a burtali, sanda a kafaɗa, shanu sun yi ƙiba. Kada ka yi zaton bakin ya mutu. Zai tsayar da kai ya gaya maka cewa duk Najeriya babu garken da ya kai nasa ilimi, don kowace saniya da tsangaya guda a cikinta, kuma da sunan abin da ta ci yake kiranta. Ran nan ana cikin wannan bayani ya katse, ya ɗaga sanda ya kwarma ihu:

"Likitanci, dawo nan! Kai jama'a, ku tare mini Shari'a, ta sake shiga gonar mutane!"